Turmin da Na Kife wa Malam

Me ya hana ni buɗe baki ranar nan? Magana ce da ba ta kai numfashi guda ba: "Ku bar turmin nan, na Malam ne." Na shiga takaba da tambayar nan, na fita da ita, har yau ban samu amsa ba. In na kwanta tana gefena, in na farka ta riga ni tashi.

Ni ban yi karatu ba, in ban da 'yan surorin da nake salla da su. Autata ce ke rubuta wannan, ga ta zaune a gabana da littafin makarantar ɗiyarta. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki, inda kuka ya ci ƙarfina ta ajiye biro ta jira ni. Na gaji, kuma ba irin gajiyar da barci ke saukewa ba ce. Amma ina tsoron in bi Malam ban faɗi abin da na sani ba.

Ranar jana'izarsa zauren gidan nan bai ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi har gindin darbejiyar masallaci. An zo daga Daura, an zo daga Dutsi, Fulanin da ke bayan gari ma sun bar shanu sun zo. Shekara arba'in da ɗoriya Malam ne ke wanke gawar maza a garin nan, don haka da wuya mace ta shigo ta durƙusa a gabana ba ta ce, "Shi ya wanke mini uba," ko "Shi ya wanke mini miji" ba. Wata tsohuwa da ta girme ni nesa ta dafa kafaɗata ta ce, "Yau kuma wa zai wanke mai wanka?" Ƙanensa ne ya wanke shi, babban ɗanmu yana zuba ruwa.

A ce, "Ya haƙuri?" In ce, "Da godiya." A ce, "Kwana ne ya ƙare, santsi dalili ne kawai." In ce, "Haka ne." Na faɗa har bakina ya bushe. Kuma haka ɗin ne, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Sai dai dalilin nan da suke kira santsi, ni na san ta inda ya samu hanya.

Washegarin sadakar uku, da hantsi, na ji ƙarar guduma daga makewayi. Na lallaɓa na leƙa, sai ga babban ɗanmu ya tuɓe riga yana farfasa tayil ɗin da shi da kansa ya sa aka shimfiɗa wa ubansa. Magidanci, gemu har ya fara furfura, yana dukan ƙasa yana kuka.

"Kai, mene ne haka?"

"Inna, ni na kashe Baba. Da ban kawo abin nan gidan nan ba..."

"Kul! Kada in ƙara ji. Ajiye gudumar nan."

Ya ajiye guduma, amma bai ajiye maganar ba. Tun daga ranar, in ya zo daga Kongolam inda yake sayar da hatsi, daga bakin zaure yake gaishe ni, ba ya shigowa, ba ya cin abincin gidan nan. Matarsa ta ce a can ma tsakurar tuwo yake yi.

Cikin takaba na gaya wa ƙanwar Malam, goggon yara, abin da ke cikina. Ta saurara har na gama, ta ce, "Matarmu, Yaya ya rufa wa garin nan asiri shekara arba'in. Ke ki rufa masa nasa. A bar kaza cikin gashinta." Na yi shiru wata biyar. Amma gaskiya ba asirinsa kaɗai nake rufewa ba, har da nawa. Mamaci ya huta, mai rai ne ke ƙonewa. Auta, in kin gama rubutun nan, yayanki za ki fara kai wa.

Bari in fara da yadda yake, don kada a riƙa tuna shi a kwance kawai.

Dogo ne siriri, mai saurin tafiya. In za mu biki ƙauye sai ya tsaya gindin itace sau uku yana jirana, yana cewa hawainiya ma ta fi ni zuciya. Gero da wake yake nomawa, yakan turke rago ɗaya ko biyu. Yana da wata jakar fata a rataye bayan ƙofa, cikinta akwai busasshen ganyen magarya, da sabulu, da kafur, da farin ƙyallen da yake naɗe hannu da shi. In aka yi sallama a zaure da irin muryar nan da kowa ya sani, ko loma ce a hannunsa sai ya mayar da ita akushi ya ɗauki jaka. Ko goro ba ya karɓa.

In ya dawo nakan ce, "Yaya aka yi?" Ya ce, "An yi." Shi ke nan. Ina da ƙuruciya na sha bugun cikinsa, don mata kan tambaye ni wai gaskiya ne jikin wane ya yi kaza. Ran nan ya dube ni ya ce, "Abin da mai wanka ya gani, da ruwan yake tafiya." Ban sake tambaya ba.

Akwai maƙwabcinmu na gona da suka fi shekara goma suna jayayya a kan iyaka. An je gaban mai gari, an dawo, an koma. Mutumin nan har angulu ya taɓa kiran Malam a tsakiyar kasuwa, wai ba ya zuwa sai inda aka mutu. Da ya rasu, 'ya'yansa suka ji kunyar aikowa. Malam bai jira aike ba, ya ɗauki jaka. Da ya dawo na ce, "Har shi?" Ya ce, "Ke, yau an yanka masa gonar da ba mai ja da shi a kan iyakarta. Ni kuma tawa tana nan tafe."

Shekarun da aka kawo shari'a, wasu matasan malamai suka zo da littattafai su ga ko yana yin daidai. Bai yi fushi ba, ya ce biyu su shigo su riƙe masa buta. Suka fito, daga baya suka riƙa zuwa koyo. Abin da ya faɗa kawai shi ne, "Yaran kirki ne, sai dai hannunsu na rawa."

Abin da ya fi tsanantawa a kai shi ne ruwa. Ba ya yarda da mai zafi, ba ya yarda da mai sanyi ƙarara. Sai ya tsoma hannu, ya sa a surka, ya sake tsomawa. Ƙanensa, wanda ke kama masa aikin, ya taɓa ce masa, "Yaya, gawa ce fa, ba ta ji." Malam ya ce, "Wanda ba zai iya cewa wash ba, shi ya fi kowa buƙatar a taɓa masa ruwa." Ƙanen ne ya ba ni labari yana dariya. Ban san ajiya nake yi wa maganar ba.

Da takalmi ciwon ya fara nuna kansa. Wata azahar ya shigo daga masallaci, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Na ce, "Malam, ina ɗaya takalmin?" Ya sunkuya ya duba kamar ƙafar wani ce. A ƙofar gidan liman aka tsinto shi. Muka yi dariya. Bayan nan na ga jini a buzun sallarsa, na ɗaga ƙafar, sai ga ƙaya ta nutse a tafin, ta kwana uku bai sani ba. Yakan ce kamar auduga yake takawa. Wata rana kuma ya ce tururuwa ce ke yawo a ciki, ko an barbaɗa masa barkono. An sha saiwa, an sha rubutu, an shafa man zafi. A masallaci ya ce ba ya jin tsoron faɗuwa, don kafaɗun mutane ne ke riƙe shi a sahu.

Lokacin ɗari ya ce in dafa masa ruwa ya tsoma ƙafafun ko za su farka. Ni na dafa, ni na kai. Ya tsoma, yana zaune yana jan carbi hankali kwance. Da ya cire, fata ta saluɓe kamar ta dafaffen wake. Ni na yi ihu, shi yana tambayata mene ne.

Wannan ce ta kai mu asibiti a Daura. Aka ce ciwon sukari ne, ya daɗe, ya cinye jijiyoyin ƙafa. Wata ma'aikaciya, mace mai kamar shekarun autata, ita ta riƙa wanke masa ƙunar. Ranar da za a sallame mu ta ce, "Baba, tashi tsaye. Haɗa ƙafa. To, rufe ido." Yana rufewa ya yi tangal-tangal kamar karan dawa a iska, da ban tare shi ba da ya kai ƙasa.

Ta ce, "Mama, kin gani? Ƙafar ta daina gaya masa inda ƙasa take, ido ne ke riƙe da shi. To, mutum in ya sa sabulu a fuska me yake yi?"

Na ce, "Rufe ido."

Ta ce, "Shi ya sa wanka a tsaye ya ƙare wa Baba. A zaune zai yi, da rana, da haske. Ruwa ke za ki taɓa, da gwiwar hannu, don shi ko tafasasshe ne ba zai sani ba. A kafa masa abin dafawa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi, ko cikin ɗaki. Kullum ki duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu. In ya shiga wanka kuma kada ki yi nisa."

Malam ya ce, "'Yata, duk wannan ni kaɗai?"

"Kai kaɗai, Baba. In ka ƙi, ni da kai ne."

A mota ya ce mini, "Yarinyar nan da alƙali aka naɗa ta, da masu laifi sun ƙare a ƙasar Daura."

Makewayinmu a da tsakuwa ce da tsingaro, ruwa na zuba yana shanyewa, ƙafa na samun abin kamawa. Ma'aikaciyar ta ce a kiyaye ciwon daga caɓi, babban ɗanmu yana tsaye ya ji. Kafin sati ya zagayo ya zo da magini da farin tayil. Don Allah ya yi, ni shaida ce. Ya tsaya a rana yana nuna wa magini inda ruwa zai bi, yana cewa ubansa ba zai ƙara taka laka ba. Wuri ya yi kyau kamar na gidan gwamna, sai dai in sabulu ya taɓa shi, kwaɗo ma sai ya zame. Ban gaya wa ɗan nawa ba. Na nemi tsohon buhu mai kaushi na shimfiɗa, na sa aka kafa turke jikin katanga, na ce na shanya ne.

Saura abin zama. 'Yar kujerarmu ta mata ta yi ƙasa, in ya zauna ba ya iya tashi. Kujerar roba kuma ƙafafunta na buɗewa a kan tayil. Sai na tuna da tsohon turmin ƙirya da na zo da shi gidan nan, wanda ya tsage na daina daka a ciki. Na mirgina shi na kai, na kife. Tsayinsa daidai, nauyinsa ko jaki ba zai ture shi ba.

Malam ya leƙa ya gani, ya dawo.

"Ke, ni amarya ce ko mai jego?"

"Majinyaci ne kai."

"Fitar da shi."

"Ba zan fitar ba."

Shekara hamsin da wani abu ban taɓa ce masa ba zan yi ba sai ranar. Kwana uku ba ya yi mini magana sai da hannu. Yana shiga ya yi wankansa a tsaye, turmi na gefe yana kallonsa. Rana ta huɗu na ji rim! Na ruga, na tarar ya rungume turken nan, gwiwar hannu ta kurje. Na kamo shi na zaunar a ɗaki, ina goge jinin, hawaye na zubo mini don haushi. Na ce, "Malam, wa ya ce wanda ba zai iya cewa wash ba shi ya fi buƙatar a kula da shi? Ka tausaya wa gawar mutane shekara arba'in, ƙafarka ta zama irinsu, ita ce ba za ka tausaya wa ba?"

Ya dubi ƙafafunsa. Can ya ce, "Wa ya gaya miki wannan maganar?" Na ce ƙanensa. Ya ce, "Bakin yaron nan bai da murfi." Yaron da yake faɗa kuwa ya haura sittin.

Washegari ya kira ni. "Zan zauna. Amma ko 'ya'yanki kada su ji. Na tsaya a kan mazan garin nan na wanke su, ba za a ce mai wanka ya koma hawa turmi kamar mace ba. Ki rantse." Na rantse. In yara sun zo sai in ɗora tsohuwar tasa a kan turmin, kowa ya ɗauka wurin ajiye kayan wanki ne.

Shekara uku muka yi a haka, kuma in aka ce in zaɓi shekarun da na fi so a aurena, su zan zaɓa. Da hantsi in surka ruwa, in tsoma gwiwar hannu, in gyara buhu, in rataya masa zane a katanga. Shi ya shiga da takalmin roba mai maɗauri. Ni in zauna bayan katanga da faifai ina tsintar wake. Mun yi yarjejeniya: duk ya kwarara ruwa sau uku zai buga moɗa a jikin bokiti. In na ji shiru ya yi tsawo in ce, "Malam?" Ya ce, "Ban mutu ba, alƙaliya." In ya fito mu shiga ɗaki, in saki labule, ya ɗora ƙafa a cinyata. In tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, in duba tafin, in shafa man kaɗanya a dunduniya. Ya ce, "To malama, karanta mini, yau me aka rubuta?" Ni da ban san ko bihim ba, tafin ƙafar Malam ne kaɗai abin da na iya karantawa a duniya. Na san kowane tsagu, na san wanda yake sabo.

Auta, tsaya. Ba ni ruwa.

To. Sai matar babban ɗanmu ta haihu, namiji, aka ce sunan Malam za a sa masa, kuma a gidan nan za a yi suna. Ranar Alhamis, jajibirin suna, aka kawo mai jego da jariri, tare da uwarta da 'yan'uwan uwarta daga Babban Mutum. Gida ya cika. Da la'asar aka kewaye bayan rumbu da zana, aka ɗora babbar tukunya, aka karyo ganyen darbejiya don wankan jego. Uwar yarinyar ta shiga makewayi, sai ga ta ta fito tana mirgino turmi.

"Kai, Allah ya saka, Yaya! Ashe har kin kife wa 'yarki turmi kin ajiye. Irin wannan tanadi sai ku manya."

Mata suka yi dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Malam yana zaune bakin ƙofar ɗakinsa da carbi. Na dube shi. Kai kawai ya girgiza, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani.

Na ce, "Ai dole, 'yata ce."

Nan nake tsayawa kullum. Matar nan ba ta yi laifi ba, wace mace ce za ta ga turmi a kife a gidan da aka kawo mai jego ta yi zaton wani abu daban? Da na ce na Malam ne, da an yi ƙus-ƙus kwana biyu an manta. Na taɓa ce masa ba zan yi ba a kan turmin nan, muka yi gaba kwana uku, duniya ba ta tashi ba. Me ya sa ranar nan, da girgiza kai kawai, na bi? Rantsuwar ce? Kunyar surukai ce? Ko daɗin yabon da aka yi mini a gaban mata na ji? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba.

Ranar Juma'a da safe aka raɗa suna, aka yanka rago. Da hantsi na surka wa Malam ruwa na kai makewayi, na rataya zane, don in rage aiki. Na kai masa fura na ce a hankali, "Malam, kada ka shiga sai na dawo da turmin. Suna gama wankan safe zan mirgino." Ya ce, "Na ji, alƙaliya."

Sau biyu na je bayan rumbu. Na farko mai jego ce zaune a kan turmin. Na biyu wata gwaggonta ce zaune a kai tana rungume da jariri, na ji nauyin in tashe ta. Na ce bari in zagayo. Aka kira ni rabon nama, aka kira ni wajen masu waina, baƙi na shigowa ana gaisawa. Turmi biyu ake daka da su a tsakar gida, ana lugude, ana guɗa. Ko ya buga moɗa, ban ji ba. Na tambaye shi daga baya, ya ce bai tuna ba. Na san ya tuna.

Sai da maza suka fara haramar masallaci na shiga ɗakinsa, na ga farar rigarsa ta Juma'a a ninke a kan gado. Na nufi makewayi. Zanen na nan a katanga, kuma duk macen da ta zo ta gan shi sai ta juya, don ta san da mutum a ciki. Buhun ma wata mai tsafta ta ɗauke shi ta shanya.

Yana kwance a gefensa tsakanin bokiti da katanga. Kumfar sabulu ta bushe a fuskarsa, idanu sun yi ja.

"Malam!"

"Rage murya. Rufe ni tukuna."

Na fizgo zanen na rufe shi. "Tun yaushe?"

"Ruwan da ɗuminsa na faɗi."

Na tsoma hannu a sauran ruwan. Ya huce sarai.

"Me ya hana ka kira?"

"Surukai cike da gida, ni kuma haka?"

Babban ɗanmu ne ya ɗauko shi. Abin da ya gani ke nan: ubansa a ƙasa, farin tayil jiƙe da sabulu. Bai san akwai abin da ya kamata ya kasance a wurin ba.

A asibiti aka ce ƙashin ƙugu ya karye. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ga shekaru ga sukari. Ma'aikaciyar nan ta gan mu, ta tsaya ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce, "Sannu, Mama." Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Muka dawo gida, ya yi kusan wata biyu a kwance.

Ni ke goge masa jiki da tsumma. Ranar farko ya juya fuska bango. Rana ta biyu ya ce, "Ba haka ake juya mutum ba. Sa hannu ƙarƙashin kafaɗa. Fara da dama." Haka ya koya mini sana'arsa a jikinsa. In na tsoma gwiwar hannu a ruwa sai ya ce, "Yawwa. Da namiji ce ke da na bar miki jakata." Aka kawo masa takwaransa aka kwantar a gefensa, ya dube shi ya ce, "Sannu abokina, ni da kai duk sai an wanke mu." Sau ɗaya na ce, "Malam, ka yafe mini, da na yi magana..." Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce, "Wa ya girgiza kai?"

Kai kuma, ɗana, in an karanta maka wannan, ka ji da kyau. Shekara uku ubanka yana wanka a kan tayil ɗinka lafiya ƙalau, don yana zaune. Abin da ya kayar da shi kunya ce, tasa da tawa. In akwai kaya a maganar nan, ba a kanka yake ba. Ka shigo ka ci tuwo. Duk wanda kuma ke da tsoho mai matacciyar ƙafa a gida, ya zaunar da shi, kuma a faɗa a fili kowa ya sani, don abin da aka ɓoye kowa na iya ɗauke shi da kyakkyawar niyya.

Turmin yana makewayi yanzu, a kife, ba tasa a kansa. Ni ke zama. Na koma wurin ma'aikaciyar nan, ta sa na haɗa ƙafa na rufe ido, ita ta tare ni. Amma ba ita ta fara gani ba.

Ranar da zai rasu, bayan la'asar, an ɗage masa labule don ya sha iska. Kalmar shahada tare da ƙanensa ya yi ta daga baya, gab da magariba, ina bakin ƙofa ina ji. Allah ya ji ƙansa, ya sa ruwan da ya taɓa wa bayin Allah ya zama sanyi a kabarinsa. Amma ni, ga maganar da ya bar mini. Na taho daga madafa da kofin kunu, sai ya yafito ni da hannu. Na matso. Ba fuskata yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Ke, ina ɗaya takalmin?"

Na sunkuya. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ga shi can ƙofar madafa, na ratso tsakar gida gaba ɗaya ban ji ba. Na fara cewa ai sauri nake yi, ya kama bakin zanena. Muryar ta yi ƙasa, sai da na durƙusa na kai kunne.

"Ki mayar da turmin nan, ki riƙa zama. In an tambaya, ki ce na Malam ne."